Gadon gida ko kayan aro: yadda za a auna faifan The Majesty of the Blues

Gabatarwa

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, su ne kuma suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda aka ɗora wa alhakin yanke hukunci a kan aikin makaɗin zamani da ya jingina da na magabata, tsakanin waɗannan karin magana biyu zai tsinci kansa. A tarihin jaz, kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙago, da wuya a samu faifan da ya tsaya a tsakiyar wannan gardama kamar The Majesty of the Blues, ma'ana Martabar Buluz, wanda kamfanin Columbia ya fitar a shekarar 1989. Buluz kuwa ita ce waƙar nan mai kira da amshi da ta tsiro a kudancin Amurka cikin jikokin bayi, wadda jaz ya sha nononta.

Mai faifan, Wynton Marsalis, yana da shekara 27 a lokacin, ana kuma kallonsa a matsayin zakaran masu busa torompet na tsararsa. Maimakon ya zarce da salon da ya yi suna da shi, sai ya koma baya shekara 60, ya ɗauko sautin birninsu na haihuwa, Niyu Orlins, ya gayyato dattawa, ya shirya wa jaz ɗin kansa jana'iza a cikin faifai, har da mai wa'azi. Wasu suka ce ya ceto gado daga ɓacewa, wasu suka ce ya mayar da kiɗa mai rai kayan gidan ajiyar tarihi. Yanzu da aka yi shekara fiye da 30 ƙura ta lafa, ana iya sake saurarensa da natsuwa. Abin da za a tarar shi ne, yawan aron da mutum ya yi ba ya hukunta shi. Abin da ya aikata da aron shi ke ɗaukaka shi ko ya kayar da shi, kuma wannan faifai ya ɗanɗani duka biyun.

Rigimar ta girmi faifan

An fara naɗar jaz a faifan garmaho a shekarar 1917, da wata ƙungiyar fararen fata mai suna Original Dixieland Jass Band. A 1923 aka naɗi ƙungiyar King Oliver, inda wani saurayi mai suna Louis Armstrong yake busa ta biyu. A salon nasu na Niyu Orlins, masu busa uku ne ke magana lokaci guda: torompet na riƙe da taken, kilarinet na zagaya shi daga sama da siririyar murya, torombon na amsawa daga ƙasa, kowa na ƙirƙirar nasa nan take ba tare da ya taka ɗan'uwansa ba. Kafin shekara 15 su cika, manyan ƙungiyoyin rawa masu mutum 15 ko fiye sun mamaye dandali, tsohon salon ya koma gefe.

A ƙarshen shekarun 1930 wasu masu bincike suka shiga neman tsofaffin da aka manta. Suka gano Bunk Johnson a garin New Iberia, ba shi da haƙora ba shi da ƙaho, aka tara kuɗi aka yi masa haƙoran roba, aka sama masa abin busa, aka naɗe shi a 1942. A daidai waɗannan shekaru Charlie Parker da Dizzy Gillespie suke haɗa wani sabon salo a Niyu Yok, mai sauri da sarƙaƙiya, wanda aka kira bibop. Nan take masu sauraro suka rabu gida biyu. A Faransa rikicin ya kai ga tsage ƙungiyar Hot Club de France, wadda aka kafa a 1932. Shugabanta Hugues Panassié ya dage cewa bibop ba jaz ba ne, abokin aikinsa Charles Delaunay ya rungumi sabon salon, suka raba gari a 1947. Ƴan zamani suka laƙaba wa masu riƙo da tsohon salo sunan ruɓaɓɓen ɓaure, su kuma aka kira su inabi mai tsami.

Ke nan jaz bai cika shekara 30 a faifai ba ya fara faɗa da kansa a kan magabata. Abin lura kuma shi ne, bibop ɗin da Panassié ya kora daga gida shi ne ya zama, bayan shekara 40, ginshiƙin abin da masu kare gado suke karewa.

Yaron da ya dawo gida

A shekarar 1970 Miles Davis ya fitar da Bitches Brew, ya shigo da kayan kiɗa masu aiki da lantarki da bugu irin na rok. Makaɗa da yawa suka bi sahunsa, domin can ne kasuwa take. Masu riƙe da kayan busa da na bugu na asali suka shiga ƙunci, har aka fara cewa jaz ya mutu.

A cikin wannan yanayi Marsalis ya taso. An haife shi ranar 18 ga Oktoba 1961, mahaifinsa Ellis Marsalis makaɗin piyano ne kuma malamin kiɗa. Ya tafi makarantar Juilliard ta Niyu Yok a 1979, ya shiga ƙungiyar mai ganga Art Blakey a 1980. A bikin Grammy na 1984 ya karɓi lambar yabo a fannin jaz da kuma fannin kiɗan Turai na manyan ɗakuna, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a shekara guda kafinsa, ya kuma maimaita a shekarar da ta biyo. Yana hawa dandali da kwat da laƙataye, yana faɗa a fili cewa cakuɗa jaz da rok sayar da mutunci ne. A 1986, a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ya hau dandalin da Miles Davis yake wasa ba tare da iznin dattijon ba, Davis ya tsayar da kiɗa har sai da ya sauka.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Faifayensa na farko, har da Black Codes na 1985 da ya sha yabo, su ma aro ne, domin a kan salon ƙungiyar Miles Davis ta 1965 zuwa 1968 aka gina su. Sai dai da yake aron na kusa ne, kunne ya ɗauke shi a matsayin zamani. Shi da kansa ya sha faɗa cewa yana saurayi bai ɗauki Armstrong da tsohon kiɗan garinsu da daraja ba, yana ganinsu kamar ragowar zamanin da baƙar fata ke yi wa farar fata murmushin dole. Mutum biyu suka sauya masa tunani: marubuci Albert Murray, mai littafin Stomping the Blues na 1976, da mai sharhi Stanley Crouch. Su suka tura shi ga sauraren Armstrong da Duke Ellington da kunnen ɗalibi. A 1985 kuma yayansa Branford da mai piyano Kenny Kirkland suka bar shi suka bi mawaƙin Ingila Sting, dole ya sake gina ƙungiya. Daga baya ya ɗauko mai ganga Herlin Riley da mai kwantirabas Reginald Veal, dukansu tasowar Niyu Orlins, bugun garin yana cikin jininsu.

Abin da ke cikin faifan

An naɗi faifan a watan Oktoba 1988, kashi biyu ne. A kashin farko mutum shida ne: Marsalis, da Riley, da Veal, da mai piyano Marcus Roberts, da masu sakisofon biyu, Wessell Anderson da Todd Williams. A kiɗan da ya ba faifan sunansa, Marsalis yana toshe bakin ƙahonsa da robar nan da masu gyaran famfo ke buɗe magudana da ita, yana buɗewa yana rufewa, ƙahon na gurnani da kuka kamar muryar mutum. Wannan dabara ta Bubber Miley ce, mai busa a ƙungiyar Ellington a ƙarshen shekarun 1920, shi ma daga King Oliver ya gano ta.

Kashi na biyu, mai suna The New Orleans Function, an tsara shi ne bisa al'adar rakiyar gawa ta Kiristocin baƙar fatar wannan birni. A can, ƙungiyoyin taimakon juna da ke ɗaukar nauyin binne mambobinsu sukan ɗauko masu busa. A kan hanyar maƙabarta ana busa waƙoƙin coci a hankali, ana tafiya taku ɗaya ɗaya, in an binne an juyo sai kiɗa ya sauya, jama'a su biyo baya da rawa. Armstrong ya taɓa naɗar wannan tsari a 1950 da suna kusan iri ɗaya. Marsalis ya raba nasa uku: kiɗan makoki mai taken mutuwar jaz, sai wa'azi, sai kiɗan murna wanda sunansa ke nuni da rana ta uku, ranar tashi daga matattu a aƙidar Kirista. Gawar da ake rakiya jaz ne, saƙon kuma shi ne an yi gaggawar haƙa masa kabari.

Domin wannan kashi ya gayyato mutum huɗu daga masu riƙe da tsohon salon: Teddy Riley da torompet, Freddie Lonzo da torombon, Michael White da kilarinet, da Danny Barker da banjo, abin kiɗan nan mai tsirkiya da bayi suka ƙera a nahiyar Amurka bisa ƙirar dangin gurmi da molo na Afirka ta Yamma. Crouch ne ya rubuta wa'azin, wani fasto na Shikago mai suna Jeremiah Wright ya karanta shi, mutumin da duniya ta sani a 2008 saboda alaƙarsa da Barack Obama. A bangon faifan kuwa hoton Ikarus ne na mai zanen Faransa Henri Matisse, daga littafinsa Jazz na 1947.

Daga hannun wa aka karɓa

Tambaya ta farko da ta kamata a yi wa mai aro ita ce inda ya samo. Akwai wanda ke kwaikwayon tsohon faifai har da ƙarar allurarsa, akwai wanda ya zauna gaban masu abin. A nan matsayin Danny Barker ke da nauyi. An haife shi a 1909, ya yi aiki da Jelly Roll Morton, ya yi shekaru yana kaɗa jita a ƙungiyar Cab Calloway, har ma a 1945 an naɗe shi a zama ɗaya da Charlie Parker, wato mutum ne da ya ratsa ɓangarori biyu na waccan tsohuwar rigima da ƙafarsa. Ya koma Niyu Orlins a 1965, ya tarar matasa sun guji busar tituna. A 1970 ya kafa ƙungiyar yara masu busa a cocin Fairview, wadda ta yaye da yawa daga cikin waɗanda suka farfaɗo da wannan al'ada. Cikin yaran da suka ratsa ta hannunsa har da Marsalis da Herlin Riley.

Saboda haka lokacin da Barker, yana gab da shekara 80, ya zauna da banjonsa a wajen naɗar faifan, almajiri ne ya dawo wurin malaminsa bayan ya yi yawon duniya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ana jin haka a kiɗan makokin: jan da White ke yi wa kilarinet, da nauyin takun ganga, da yadda masu busa ke kauce wa juna, abubuwa ne da rubutun kiɗa ba ya iya ɗaukarsu, sai dai a koya kunne da kunne. Teddy Riley ya rasu a 1992, Barker a 1994. A watan Agusta 2005 ambaliyar guguwar Katrina ta cinye gidan White, tare da tarin faifaye da littattafai da tsofaffin kayan busa da ya shafe shekaru yana tarawa. Faifan da aka zarga da zama gidan ajiyar tarihi ya adana muryoyin da ba za a sake haɗawa a ɗaki ɗaya ba, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Me aka yi da abin da aka karɓa

Adanawa kaɗai ba ta isa a kira aiki gwaninta ba. Tambaya ta biyu ita ce ko tsohon salon ya sa makaɗin ya faɗi abin da da bai iya faɗa ba. Duk wanda ya saurari Marsalis na 1985 sannan ya saurari na wannan faifai zai ji bambanci. Na farkon gwani ne mai sauri da tsabtar sauti, wanda masu suka ke cewa busarsa na burge ƙwaƙwalwa ta bar zuciya da sanyi. Na biyun ya rage gudu, ya bar sauti guda ya daɗe, ya yarda ƙahonsa ya yi kaushi. Robar Miley ba ta mayar da shi Miley ba, domin jerin sautukan da Roberts ke shimfiɗa masa a piyano da yadda sakisofon biyu ke haɗuwa duk na bayan bibop ne, babu mai busa na 1927 da zai yi su. Tsawon kiɗan ma shaida ne: faifan garmaho na wancan zamani minti uku yake ɗauka, nan kuwa ana shimfiɗa kiɗa ɗaya kusan minti 15. A wannan kashi aron ya buɗe wa mai shi baki, ya kuma zama harsashin manyan ayyukansa na gaba, har zuwa Blood on the Fields, wanda ya ci lambar Pulitzer a 1997, karo na farko da aikin jaz ya samu wannan lamba.

Sai dai Marsalis ba shi ne farkon wanda ya bi wannan hanya ba. A 1959 Charles Mingus ya fitar da Mingus Ah Um, inda ya gaida Jelly Roll Morton da Lester Young cikin raha da ƙauna, ba tare da ya bar muryarsa ba. A 1979 ƙungiyar Air ta Henry Threadgill, wadda ake lissafawa cikin masu tsananin sabon salo, ta fitar da Air Lore, ta ɗauko kiɗan Scott Joplin da na Morton ta warware su ta sake ɗinkewa. Lester Bowie na ƙungiyar Art Ensemble of Chicago, wanda ya zama ɗaya daga cikin masu sukar Marsalis, ya daɗe yana sa ƙahonsa gurnani irin na dattawan. Gadon yana da magada da yawa, kowa da yadda ya juya rabonsa.

Inda faifan ya yi rauni

A nan ne wa'azin ya zama matsala. Ya haura minti 15, kiɗa ya koma bayansa yana rakiya. Yana ɗaukaka Ellington, yana kare martabar jaz, yana gargaɗi ga masu shelar mutuwarsa da masu sayar da shi da araha. Kalmomin na da ƙarfi, muryar mai karantawa ta san aikinta, amma abin da suke faɗa kiɗan makokin ya riga ya faɗe shi, ya kuma fi su iya faɗa. Mai sauraro na iya komawa ga busar sau goma yana jin sabon abu, wa'azin kuwa sau ɗaya ya ishe shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaba faifan a nan suka tsaya.

Lahanin ya wuce na tsawo. Wa'azin na cikin wani yunƙuri na shata iyakar abin da ya cancanci sunan jaz. A watan Yuli 1988 Marsalis ya buga maƙala a jaridar New York Times a kan abin da yake jaz da abin da ba shi ba. A 1987, shekarar da majalisar dokokin Amurka ta ayyana jaz a matsayin dukiyar ƙasa, ya shiga cikin waɗanda suka fara shirya wasannin jaz a cibiyar Lincoln Center ta Niyu Yok. Shirin ya zama sashe na dindindin a 1991, ya zama cikakkiyar hukuma mai cin gashin kanta a 1996, daidai da gidan opera da ƙungiyar kiɗan Turai na cibiyar, Marsalis na jagorantarsa. Wannan nasara ce babba ga kiɗan da ya taso a tituna da gidajen rawa. Amma wanda ya riƙe ma'anar kalma shi ke riƙe da dandali da albashi da manhajar makaranta. An zargi cibiyar a shekarun 1990 da rufe ƙofa ga irin su Threadgill da Bowie. A 2001, lokacin da Ken Burns ya fitar da fim ɗinsa na tarihin jaz mai kashi 10, wanda Marsalis da Crouch da Murray suka zama manyan muryoyinsa, an dunƙule duk abin da ya faru bayan 1960 a kashi ɗaya na ƙarshe. Abin da Panassié ya yi wa bibop a 1947 ya so ya maimaitu, illa dai wannan karon mai tsaron ƙofar gwanin busa ne, yana kuma da hukuma a bayansa.

Kammalawa

Hukuncin da ya dace da The Majesty of the Blues rabe yake, kuma adalci ne a bar shi a rabe. Inda ake busa, faifan ya ci jarrabawa: an karɓi salon daga hannun masu shi, an yi aiki da shi har ya sauya muryar wanda ya karɓa, an kuma bar wa na baya sautin dattawan da suka shuɗe. Inda ake wa'azi ya gaza, domin ya nemi ya mayar da zaɓin mutum ɗaya dokar kowa. Barker, wanda ya yi kiɗa da Morton ya kuma yi da Parker, shi kansa hujja ne a kan cewa gidan ya fi faɗin da wa'azin ya ba shi.

Malamin da zai gabatar da wannan faifai ga ɗalibansa, ko ƙungiyar al'adu da za ta shirya zaman sauraro, za su fi cin riba in suka jera shi da waɗanda ya ara daga gare su da waɗanda suka yi aro irin nasa: a fara da King Oliver na 1923, a bi da Ellington na zamanin Miley, da Armstrong na 1950, da Air Lore, sannan a saka Marsalis. A kowane mataki a tambayi masu sauraro abin da ya dawwama da abin da ya sauya, da kuma wanda ya sauya shi. Wanda ya yi wannan zama sau ɗaya ba zai ƙara yanke wa makaɗi hukunci don kawai an ji ƙamshin magabata a aikinsa ba, ba zai kuma yafe masa don ya iya ambaton sunayensu ba.